Kalmomin da Na Kwaso a Ofishin Lauya

Na jingine babur a gindin darbejiya,
na hau bene a Yelwa, cikin Garwa,
takardun asibiti a ledar burodi.
Lauya Jaratu ta miƙo mini biro,
ta ce rubuta,
kotu ba ta jin kuka sai an raɗa masa suna.

Na farko, mai ƙara.
Shi ne babanka, Barau.
Na tsaya da biro a sama.
Mutumin da in ya ce "ruwa" sai ya huta,
wanda tari ke raba masa Fatiha gida uku,
wai shi ne mai ƙara.

Wanda ake ƙara, kamfani.
Na ce wanne?
Siton nan na bakin Binuwai ya zama ma'ajiyar auduga,
masu shi sun sauya suna sau uku.
Ta ce bar su su sauya,
alhaki kwikwiyo ne, ya san warin mai shi.

Shekara sha tara yana yanka fallen rufin siminti,
zarto a hannu, ko ƙyalle babu a hanci.
Masu Faransanci na cewa amiyanti.
Su a sito gari suke ce masa,
ya sauka a gira, a gemu, a bakin kofin shayi,
har suna tsokanar juna da furfurar aro.
Ya bar aikin ina goye a bayan Inna.
Ciwon ya kwanta, ya jira na yi gemu.

Sakaci, in ji ta, ba sai da mugunta ba.
Sun sani, ko ya kamata su sani,
suka ga takunkumin hanci ya yi tsada.

Hujja ita ce hoton ƙirjin nan
da ta ɗaga wa taga,
fari-fari kamar an watsa toka a rariya.
Ƙwararre zai zo daga Yawunde ya karanta wa alƙali.
Shaida kuwa mutum ne mai rai.
Da daddare Baba ya ƙirga mini su da yatsu:
Ɗantala, Bappa Sali, Ngaba mutumin Mundu, Tanko Gajere.
Yana faɗi yana lanƙwashe yatsa.
Ɗaya ya rage a miƙe,
yana sayar da albasa a Pitowa ran Lahadi,
shi ma ba ya hawa tudu.

Sai ta tambaye ni, kamar da wasa,
wa ke wanke masa kayan aiki?
Na ce Inna. Takan kakkaɓe su tukuna a tsakar gida.
Lauya ba ta ce komai ba.
Ta jawo sabuwar takarda,
ta rubuta Tabawa a samanta.

Wa'adi.
Ta ce akwai lokacin da in ya wuce, ƙofa ta rufe.
Na ce a gidanmu ma mun san kalmar,
kuma namu ba a ɗage shi
yadda ake ɗage zama zuwa bayan damina.

Sulhu, su ba da wani abu, ku yi shiru.
Diyya, abin da alƙali ya yanka.
Na ce da wane mudu ake auna numfashi?
Ta ce da rasit.
Tara na magani, na tukunyar iska,
har kuɗin man da ka ƙona zuwa asibiti.
In an kayar da mu, akwai ɗaukaka ƙara.
In ya rigaye mu (ta rage murya)
ƙarar ba ta bin sa kabari, magada ke ɗauka.
Wannan ban rubuta ba.

Na kai masa takardar bayan la'asar.
Ya ce karanta. Na karanta, na tsallake ɗaya.
Ya ce ka tsallake ɗaya.
Sannan ya dangwala yatsa a tawada.
Kan yatsun sun kumbura tun bara,
sawun ya fi ƙarfin ɗan gidan da aka zana masa,
ya malala kan sunan kamfani.
Na ce bari in karɓo wata.
Ya huta, ya huta,
ya ce bar ta haka.